Kafin Hanjin Doki Ya Manne

Duk mahaucin da ya daɗe yana fiɗar shanu a kasuwar Gujungu ya san wannan abu. Ya farke cikin saniya, ya zura hannu zai zaro kayan ciki, sai ya ji sun ƙi biyo shi. Tumbi ya liƙe da bangon ciki, wasu fararen zaruruwa masu kauri sun ɗaure wannan da wancan, sai ya sa wuƙa ya yanyanke. Idan ya bincika, sau da yawa zai tarar da ƙusa ko guntun waya da saniyar ta haɗiye tun tuni, ta huda tumbin, jiki kuma ya yi wa wurin shinge. Saniyar ta yi watanni da abin a cikinta, tana kiwo, tana tuƙa, har ranar da aka kai ta kasuwa.

Doki ba shi da wannan juriyar. Abin da saniya za ta ɗauka ta ci gaba da harkarta, shi yake mayar da doki kan teburin tiyata karo na biyu, ko ya kai shi rami. Mannewar hanji da kumburin tantanin ciki suna cikin manyan abubuwan da likitocin dawaki ke fargaba bayan sun buɗe cikin doki sun ɗinke. Mai doki a Miga, ko Zareku, ko Tsakuwawa zai iya cewa wannan magana ce ta ƙasashen da ake kwantar da doki a ɗakin tiyata mai sanyi. Ba haka ba ne. Rabin abin da ke hana hanji mannewa a hannun mai doki yake, kuma tun kafin likita ya ɗauki wuƙa ake yin sa ko a ɓata shi.

Hanjin lafiyayyen doki yana da santsi. Wani siririn tantani mai ɗan danshi ya lulluɓe shi, shi ya sa ƙaramin hanji, da tsawonsa ya kai mita 20 ko fiye, yake zamewa a kan juna dare da rana ba tare da ya sarƙe ba. Da zarar wannan tantanin ya ji rauni, ko don hanji ya murɗe jini ya daina isa gare shi, ko don ya bushe a iska lokacin tiyata, ko don ƙazantar hanji ta zuba a kansa, sai jiki ya fitar da wani sinadari mai danƙo da ake kira fibirin, wanda shi ne dai ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Cikin 'yan sa'o'i wannan danƙon zai haɗa hanji da abin da ke kusa da shi. A ka'ida, jiki yana narkar da shi cikin kwana biyu zuwa uku. Amma idan kumburin ya yi yawa, ƙarfin narkarwar sai ya gaza, kuma kafin mako ya zagayo danƙon ya riƙiɗa ya zama tabo mai tauri kamar jijiya. Daga nan babu allura ko jiƙon da zai warware shi.

Wani tabon yana zama shiru har ƙarshen rayuwar dokin. Wani kuwa yana lanƙwasa hanji kamar yadda ake lanƙwasa tiyon ban-ruwa, abinci ya tsaya, ciwon ciki ya dawo. A 1989 wasu likitocin dabbobi a Amurka sun wallafa bincike kan dawaki 113 da suka tsallake kwanakin farko bayan tiyatar ƙaramin hanji. Guda 25 daga ciki, wato kashi 22 cikin 100, sun dawo da matsalar mannewa da ta kai ga sake buɗe su ko kashe su don a hutar da su, kuma mafi yawansu cikin kwana 60 na farko abin ya bayyana. Jariran dawaki sun fi manya shiga wannan haɗari.

Tun daga lokacin aikin ya inganta ƙwarai, kuma yawancin ingancin daga tausayin hannu ya zo. Tun ran gini ran zane. Ƙwararren likita yana wanke hodar safar hannunsa kafin ya taɓa hanji, domin ƙwayar hodar kanta tana tayar da kumburi. Ba ya barin hanji ya bushe: akwai mai tsaye kusa da shi yana kwarara ruwan gishiri mai ɗumi a kai. Ba ya goga shi da busasshen ƙyalle, ba ya barin jini ya kwanta a ciki, yana yanke duk ɓangaren da ya mutu, ya ɗinke da siririn zare mai narkewa ta yadda zaren ba zai fito waje sosai ba. Da yawa suna shafe hanjin da hannuwansu da wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ake haɗawa daga sinadarin selulos, likitoci suna taƙaita sunansa da CMC, don kada hannu ya kankare tantanin. Wasu suna naɗe wurin ɗinkin da wata 'yar takarda mai narkewa, irin su Seprafilm, wadda ke raba hanji da maƙwabcinsa na kusan mako guda, daidai lokacin da tabo yake son kafuwa. Wasu kuma suna cire tantanin kitsen da ke lulluɓe da kayan ciki, saboda shi ne kan gaba wajen liƙewa.

Bayan an ɗinke sai a koma yaƙi da kumburi. Ana ba da fulunizin, wanda masu dawaki da yawa suka sani da sunan Banamine, a kan awo da lokaci. Ana ba da maganin ƙwayoyin cuta, galibi fenisilin da jentamaisin. Ana ƙarin ruwa lita-lita ta jijiyar wuya. Wasu likitocin suna ƙara hefarin don rage daskarewar fibirin, wasu su bar siririn tiyo a ciki su riƙa wanke cikin na 'yan kwanaki. Idan gubar ƙwayoyin cutar hanji ta shiga jini, ana tsoma ƙafafun dokin a ruwan ƙanƙara kwana biyu zuwa uku ba yankewa, domin gubar nan a kofato take sauka, ta raba shi da ƙashin da ke cikinsa. Sannan akwai abin da ya fi duk waɗannan sauƙi: a sa hanji ya motsa. Hanjin da ya kwanta shiru shi ke mannewa. Don haka ake ɗiga lidoken a cikin ruwan da ake ƙarawa, ake jan dokin a hankali tun washegari, ake fara ba shi ɗanyar ciyawa tafin hannu ɗaya da zarar likita ya ga alamar ciki ya farka.

Duk wannan gwaninta tana da iyaka, kuma iyakar ita ce halin da hanjin ya iso. Hanjin da ya murɗe aka warware shi bayan sa'a uku, ja ne, yana sheƙi, yana motsi a hannun likita. Wanda ya kwana ya wuni, ya zama baƙi-baƙi, ya kumbura, ruwan ciki ya gurɓace, gubar ta riga ta bi jini. Na farkon wataƙila ko yanka ba za a yi masa ba. Na biyun sai an yanke mita-mita, kuma ragowar da aka bari ya riga ya sha matsi da kumburin da zai sa ya manne ko da wane irin yauƙi aka shafa masa. Likita ɗaya, magani ɗaya, bambancin sa'o'in da aka ɓatar a barga ne.

A nan maganar ta zo Miga. Doki ya ƙi cin harawar dare. Ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ya miƙe kamar zai yi fitsari bai yi ba. Yaron barga ya ruga ya taso maigida. Kafin a jima maƙwabta sun taru da fitilun waya, kowa da nasa maganin. A jiƙa kanwa, a kawo man gyaɗa, a ɗaga kan dokin sama da igiya a ɗura masa da kwalba. Wani ya ce a hau shi a yi sukuwa cikin ya saki. Daga ƙarshe a tsaya a kan maganar da ta kashe dawaki da yawa a ƙasar Hausa: a bari mu ga safiya.

Babu wanda ya yi haka don mugunta. Mutanen nan suna son dokin, wasunsu sun fi kula da shi fiye da kansu. Amma halittar doki ba ta yarda da ɗura ba. Doki ba ya amai. Tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, kuma idan hanji ya toshe, ruwa yana komowa baya ya cika shi. Duk abin da aka ƙara masa ta baki yana matsar da shi kusa da fashewa, tumbin da ya fashe kuwa babu tiyatar da za ta cece shi. Man da aka ɗura da kai a sama kuma yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, dokin ya tsira daga ciwon ciki ya mutu da ciwon huhu bayan mako. Abin da yake buƙata a daren shi ne wanda ya iya zura tiyo ta hanci zuwa tumbi ya zuƙe ruwan da ya taru, ya sa hannu ta dubura ya ji yadda hanji yake kwance.

Allurar kashe zafi ita ma takobi ce mai kaifi biyu. Yanzu ana samun fulunizin da fenilbutazon a shagunan maganin dabbobi, kuma allura ɗaya a kan awo, da sanin likita, rahama ce. Matsalar ita ce maimaitawa. An yi ta farko dokin ya lafa, bayan sa'a huɗu ya sake birgima, sai a ƙara, a sake ƙarawa. Zafin da ya dawo da wuri bayan allura saƙo ne cewa abin ya wuce magani, kuma ƙarin allurar yana rufe bakin ɗan saƙon ne kawai, hanji na can yana mutuwa. Ga dokin da jikinsa ya bushe da ƙishirwa, irin waɗannan magunguna suna ƙona ƙoda, suna yi wa tumbi da babban hanji gyambo.

Gaskiya ne yawancin ciwon cikin doki yana warkewa ba tare da wuƙa ba. Wanda ke kaiwa ga tiyata bai kai ɗaya cikin goma ba. Fasahar ita ce gane wannan ɗayan da wuri, kuma alamunsa ba sa buƙatar na'ura. Lafiyayyen doki a tsaye, zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. Ana jin bugun da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan ya haura 60 ya ƙi sauka, lamarin babba ne. A ɗaga leɓe a duba dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai haske da danshi, idan aka danna ya yi fari ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya yi jawur kamar bulo, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya bushe, yana nuna guba a jini. A kara kunne a kwiɓi: ciki mai lafiya yana ƙugi, shirun ciki abin tsoro ne. Kuma tunda dawakin hawa a nan ingarmu ne, dole a taɓa 'ya'yan maraina. Idan gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri da sanyi, mai yiwuwa hanji ne ya zurma ciki ya shaƙe, wannan kuwa na gaggawa ne.

Daga Miga zuwa Samarun Zariya, inda asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yake, tafiya ce ta fiye da kilomita 250, ta Kano, da doki mara lafiya a bayan mota. Wanda ke da irin wannan nisan a gabansa ba shi da sa'ar da zai zubar. Shi ne kuma ya fi kowa buƙatar kada a kai ga tafiyar.

Ƙasar Miga tana da nata hanyoyin toshe hanjin doki. Na farko rairayi. Sunan jihar Jigawa ma daga jigawa ya samo asali, kuma dokin da ake zuba wa dusa da harawa a ƙasa kusa da turke yana lasar yashi da kowace loma. Yashin yana kwanciya a babban hanji wata da watanni, yana gurzar bangonsa, har ya zama kilo-kilo. Gwajinsa mai sauƙi ne, yaro ma zai yi. A ɗebi curi biyar ko shida na sabon kashin dokin, daga saman da bai taɓa ƙasa ba, a zuba a farar leda, a cika ruwa, a murtsuke, a rataye a jikin turke. Bayan ɗan lokaci a matsa gindin ledar da yatsu. Idan aka ji yashi ya taru fiye da ƙaramin cokali, dokin yana cin ƙasa. Rabin duro ko tsohon kwami na katako da aka ɗora a kan tabarma ko buhu ya isa ya rage wannan sosai.

Na biyu ruwa, idan ya yi yawa da idan ya yi kaɗan. Kogin Haɗeja ya yi ambaliya a 2018 da 2020, ya yi mai muni a 2022, kuma Miga tana cikin ƙananan hukumomin da suka sha wahala, tare da Auyo da Ringim da Kafin Hausa. Bayan ruwa ya janye, harawar da ta jiƙe a rumbu tana yin fumfuna, mai doki kuma yana jin ɓarna ce ya zubar. Saniya za ta iya ci ta wuce, doki ba zai wuce ba. Fadamar da ruwa ya bari kuma matattarar tsutsar ciki ce, har da irin wadda 'ya'yanta ke shiga jijiyoyin jinin hanji su toshe su. Maganin tsutsa irin su ibamektin yana kashe ta, in an ba da shi a kan nauyin dokin kuma a kan lokaci. Da bazara kuwa matsalar ƙishirwa ce. Doki yana shan kusan jarka biyu a rana, idan yana aiki cikin zafi fiye da haka, kuma busasshiyar harawa ba tare da isasshen ruwa ba tana cushewa a wata ƙunƙuntar kwana da babban hanji yake da ita.

A shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa a watan Maris, babba kuma a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wato tsakiyar zafi. Ana saura mako biyu sai a fara loda wa doki gero da dawa don ya yi ƙiba ya yi kyan gani, alhali an halicci cikinsa ne don ya riƙa tsintar ciyawa kaɗan-kaɗan kusan wuni da dare. Canjin abinci farat ɗaya, ga wunin rana ƙarƙashin kayan ado, ga ƙarancin ruwa a hanya: an tara sababai uku a mako ɗaya.

Ba sai an gina ɗakin tiyatar dawaki a Miga ba, kuma wanda ya fara da neman haka ya fara da abin da ba zai samu ba. Abin da ake buƙata ya fi haka araha. Kowane asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma a gefen kogin ya kasance yana da tiyon hanci na doki, da doguwar safar hannu, da ruwan ƙari mai yawa, da ma'aikacin da ya taɓa zura tiyon da hannunsa a gaban malami. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, wadda ta samo asali daga kwalejin aikin gona, wuri ne da ya dace a riƙa tara malaman dabbobi da yaran barga ana koya musu wannan kafin kowace Sallah. Sannan a samu lambar waya ɗaya da ake ɗauka da dare, da mota ɗaya mai gadar hawa da doki zai shiga ba tare da an ɗaure shi an jefa ba, da yarjejeniya tsakanin ma'aikatar da ke kula da dabbobi a Dutse da asibitin koyarwa, don likitan can ya san doki na tafe tun yana Gujungu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masarautu suna da babban rabo a nan. Miga tana ƙarƙashin Masarautar Dutse, maƙwabtanta na gabas suna ƙarƙashin Haɗeja, kuma darajar hawan biyun a bayan dawakin hakimai da dagatai da 'yan kasuwar ƙauye take. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya, aka yi murna ko'ina a Arewa. Sarautar Shamaki ma don kula da barga aka ƙirƙire ta tun asali. Masarautar da ke iya ɗinka wa dawaki kayan ado na miliyoyi za ta iya ɗaukar nauyin mota ɗaya da likita ɗaya.

Wani zai ce matan Miga ma sai sun je Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, kafin su samu tiyata, ina ga doki? Maganarsa tana kan hanya, mutum ne a gaba, kuma ba a nemi a ɗebi kuɗin asibitin mutane ba. Sai dai malamin dabbobin da aka horar, shi ne zai duba jakin da ke ɗauko ruwa da shanun huɗa. Doki kuma dukiya ce da wani ya tara shekaru kafin ya sayo a Maigatari, kuma a bayansa akwai baduku da maƙeri da mai sayar da harawa da yaron barga da suke ci daga gare shi.

Idan Allah ya sa dokin ya isa da wuri, aka yi aiki, ya dawo gida, sai ragowar aikin ya koma hannun maigida, kuma a nan ake yawan zubar da abin da likita ya gina. Ɗinkin yana tsakiyar ciki ta ƙasa, duk nauyin kayan ciki a kansa yake. Dole a share barga kullum, a shimfiɗa busasshen abu mai tsabta, a kore ƙuda, a duba ɗinkin safe da yamma ko yana zubar da ruwa ko mugunya, domin ɗinkin da ya ruɓe shi ke buɗewa ya zama ƙaba. A tabbata an yi masa rigakafin tetanus. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ɗanyar ciyawa da harawa mai laushi, ruwa a gabansa kowane lokaci, hatsi kuwa sai likita ya ce. A ƙirga kashinsa kullum, a ja shi da ragama a hankali sau biyu ko uku a rana don hanji ya ci gaba da motsi. Duk ɗan ciwon cikin da ya taso a wata biyun farko, a kira likita a daren, kada a taɓa kwalbar ɗura.

Sai maganar sirdi. Ka'idar da likitocin dawaki suka fi bi ita ce wata ɗaya a barga ana jan sa da hannu, wata ɗaya a ɗan ƙaramin fili, wata ɗaya yana sake yana kiwo, kafin a ɗaura masa majayi. Kwana 90 ke nan. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kuwa kwana 70 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Dokin da aka buɗe cikinsa washegarin hawan ƙaramar Sallah ba zai yi hawan babba ba, ko da gashinsa ya dawo yana sheƙi, yana haniniya a turke idan ya ji tambari. A wannan shekarar maigida sai ya ari na ɗan'uwansa.